Azumin Marka da Cikin Mage

Ruwan bana ya ƙi ɗaukewa. Tun farkon mako ake tsuga shi a Kaura Goje, kwatoci sun cika sun tumbatsa, ɗakina yana yoyo, jikokina sun jera robobi suna tara. Jiya da hantsi ina zaune bakin ƙofa ina tsince wake, sai ga wata mage ta diro daga katanga, jiƙe sharkaf, ta raɓe a bayan turmi. Yaran suka rarumo duwatsu. Tsawar da na daka musu sai da maƙwabciyata ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Na ce mata lafiya lau. Ban gaya mata cewa ba da yaran nake faɗa ba, da wasu mutane nake, waɗanda yawancinsu sun daɗe a ƙasa.

Yaran yanzu azumin zafi suka sani, na ƙishirwa da bushewar leɓe. Mu mun yi na marka. A azumin marka ba ƙishirwa ke damun mutum ba, yunwa ce, mai tafe da sanyi, ta shiga ƙashi ta zauna. Wanda nake tunawa kuwa na yi shi ne a Nassarawa, unguwar manya, a shekarun da kuɗin mai ya faɗo wa ƙasar nan.

Mu mutanen wani ƙauye ne arewa da Ɗambatta. Fari ya cinye mana gero shekara a kan shekara, har muka koma tonon gidan tururuwa muna neman tsaba. Ɗana na fari, Habu, a wannan yunwar ya tafi, ƙafafunsa kamar tsinke, cikinsa a kumbure yana sheƙi. Mijina Malam Sule ya shigo Kano, ya fara da wanke-wanke a gidan wani Alhaji ɗan kwangila, har ya zama kuku. Da aka ba shi ɗaki a boyis-kwata, wato 'yan ɗakunan ma'aikata da ke bayan gida, ya je ya ɗauko ni.

Tsohon gidan Bature ne, fili fal, ga mangwaro ga dalbejiya, rufinsa dogo. Alhaji ya cika shi da kaya har ba masaka tsinke: kafet, kujeru masu lumewa, firij biyu, iyakwandishan a kowane ɗaki. Shinkafa ta jirgin ruwa take zuwa, kaji a daskare cikin kwali, madara a gwangwani. Ranar da na fara ganin an juye rabin tukunyar shinkafa a durom ɗin shara, hannu na sa na kwaso ina hawaye. 'Yan aikin cikin gida suka yi ta ƙyalƙyala dariya, daga ranar suka laƙa mini 'Yar Ƙauye. Sunana Tabawa, amma sai in yi wata ban ji shi a bakin kowa ba in ba Malam ba.

Uwar gidan, Hajiya, ba muguwa ba ce. Ba zan ɗauki alhakinta tana kabarinta ba. Mai ibada ce, mai sadaka, ba ta fashin tafsirin rediyo. Sai dai kirkinta yana da iyaka, iyakar kuwa daidai inda kafet ya fara take. Mu matan baya ba ma taka falonta sai an kira mu.

Da azumi ya kama, kullum gidan yana fitar da kunu da ƙosai na sadaka zuwa masallaci, aikin kuwa a kanmu yake. Kicin ɗin ciki mai gas na girkin masu gida ne. Namu murhu ne a ƙarƙashin wata rumfar kwano. Da safe in jiƙa gero da wake, in surfa, in wanke, a kai niƙa. Da azahar in fara fama da itace. Itacen marka ba ya ci sai ya ga dama, ka hura ka hura, hayaƙi ya cika maka ido, ruwa na feso ka ta gefe, zane ya manne a jiki. Ga ƙamshin soyayyar kaza yana fitowa ta tagar kicin ya same ka da ciki wayam. Kayanmu ba sa bushewa, tabarma tana warin raɓa, gishiri ya narke a kwano. Duk da haka ban yi ƙorafi ba. Wanda ya ga shekarar da aka yi ta kallon sama babu ɗigo ba ya zagin ruwa.

A cikin wannan hayaƙin ta same ni. Wata yamma na janyo itace sai na ga idanu biyu a bayan tarin. Mage ce toka-toka, kunnenta ɗaya a yage, haƙarƙarinta a waje, wutsiya kamar igiya. Amma cikinta ya fito, ya yi mata nauyi. Na san irin wannan surar. Na gutsuro ƙosai mai zafi na hura mata, ta haɗiye ko taunawa babu.

"Malam, zo ka ga baƙuwa," na ce da mijina da ya fito zubar da ruwan wanke-wanke.

Ya duba, ya girgiza kai. "Tabawa, rufa mana asiri. Hajiya ba ta son mage. Ta ce gashinta yana sa wa yara tari."

"Ciki gare ta."

"Wa ya gaya miki? Ƙila tsutsa ce."

Malam Isa direba yana gefe yana goge mota, ya sa baki yana dariya. "Wane ciki? Bolar Nassarawa ta samu. Nan unguwar ko ɓera ya kwana biyu sai ya ajiye tumbi. Ba ki ga na maigida ba?"

Haka aka rabu uku a kanta. Direba ya ce ƙoshi, Malam ya ce tsutsa, ni kuwa wata rana in ce ciki ne, wata rana in ce kumburin yunwa ne. In ta kwanta kusa da murhu sai in lallaɓa in ɗora tafin hannuna a cikin, in yi shiru ina jira. Wani lokaci in ji kamar abu ya motsa, wani lokaci in ce hannuna ne ke rawa. Ban damu da sanin gaskiyar ba sosai. Ko wanne ne, abinci yake so. Na sa mata sunan da aka sa mini, 'Yar Ƙauye, don in ji ana kiran wani da shi ba ni kaɗai ba.

Na yi mata shimfiɗa da tsohon buhu a bayan itace. In an sha ruwa, kafin in kai loma bakina sai na ajiye mata nata. Malam ya gama faɗansa, amma shi ne ke fito mata da kan kifi a naɗe cikin takarda, da gwangwanin madara da aka juye, in ɗauraye shi da ruwan ɗumi in zuba mata. Gashinta ya fara kwantawa. Ta koyi bina har bakin famfo, tana ɗaga ƙafa tana kakkaɓe ruwa kamar matar gwamna. A gidan nan kaf, ita kaɗai ce in ta gan ni take tasowa.

Asirinmu bai daɗe ba. Wata rana Hajiya ta fito da lema duba kunun sadaka, sai ga 'Yar Ƙauye a miƙe gaban murhu.

"Wannan fa? Wa ya kawo mini mage gida?"

Na durƙusa a cikin taɓo. "Hajiya, ranki ya daɗe, ita ta kawo kanta. Ciki gare ta, haihuwa yau ko gobe."

Ta tsaya tana kallonta daga nesa, ta ɗan toshe hanci da gefen gyale. Ta ce ita ba za ta sa a kashe mage ba, ba za ta sa a doke ta ba, don ta ji a tafsiri irin azabar da ke kan mai zaluntar mage. Abin da aka saba shi za a yi: a sa ta a buhu, a kai ta nesa, a haye da ita ruwa don kar ta gane hanya, a sake ta ta ci rabonta a can.

"Amma mai ciki, kuma a watan azumi, ba da ni ba," in ji ta. "In ciki ne ta zauna har ta sauka. In kuwa wayo kike mini, 'Yar Ƙauye, ranar da na gane, ranar za ta bar gidan nan. Kuma kar in gan ta a ciki."

Na yi godiya har goshina ya kusa taɓa ƙasa. Daga ranar zaman magen ya rataya a kan cikinta. Kullum da safe shi nake fara dubawa, in ga ya ƙara fitowa in ji daɗi.

Azumi ya raba tsakiya, ruwa ya ƙara ƙarfi. Wata iska ta zo ta karya reshen mangwaro ya kwanta a kan rufin babban gida. Rumfarmu ta fara zuba, buhun 'Yar Ƙauye ya jiƙe. Ta shiga zirga-zirga, ta leƙa nan ta leƙa can, tana wani kuka ƙasa-ƙasa. Na shigar da ita ɗakinmu, ta shinshina ko'ina ta fice, don ɗakin namu ma ruwa ne kwance a ƙasa. Washegari na neme ta na rasa. Na duba gareji, na duba bayan janareta, na zagaye shingen gidan ina kira. Shiru. Abincinta na ajiye har ƙudaje suka gaji da shi.

Ana haka aka wayi gari babu wuta a inda muka saba niƙa. Na ɗora bokitin wake a ka na tafi Tudun Wada neman inji mai aiki da mai. Layi na tarar har waje, mata kowa da bokitinta, ruwa na dukanmu. Ban dawo ba sai bayan la'asar, ƙafafuna sun yi fari don sanyi.

Tun daga ƙofa na ga Malam bai dube ni ba. Yana ta goge tukunyar da ta riga ta fita.

"Me ya faru?"

"Magenki ta dawo," ya ce. "Ba ki nan. Ta shiga kicin ɗin ciki, ta hau tebur ta ja kifi. Hajiya ta gan ta."

"To?"

"Cikin ya saɓe, Tabawa. Ta zama kamar tsumma. Hajiya ta ce ashe dama ƙoshi ne, kwana biyu ba ta ci ba ga shi ya tafi. Ta ce kin yi mata ƙarya."

"Ina take?"

"Isa ya tafi da ita. Can bayan Gama, ya haye gada."

Na sauke bokitin a hankali don kar in jefe shi da shi. "Malam, kai ɗan ƙauye ne kamar ni. Ka yi kiwon akuya. Da ka kama ta ba ka duba ƙasanta ba?"

Ya ajiye tukunyar. "Na gani. Nonon ya kawo, har ya jiƙa mini hannu."

"Ka gani ka yi shiru?"

"Hajiya na tsaye tana faɗa, in ce mata me? In ce ba ta san abin da take gani ba? Ɗakin nan da muke kwana namu ne?"

Na zauna da mutumin nan har ya koma ga Allah, kuma mijin kirki ne. Amma a ranar na tsane shi, tsana ta gaske, har na kasa cin abin da ya taɓa.

Na je ƙofar kicin na roƙi a yi mini iso. Hajiya ta fito da carbi a hannu.

"Ranki ya daɗe, haihuwa ta yi. Yunwar jego ce ta kai ta kan kifin nan. 'Ya'yan suna wani wuri a gidan nan."

"To ina suke? Kawo su in gani."

"Ban san inda ta ɓoye su ba."

"Kin ji ko. Je ki, ƙosan mutane na jiran ki."

Washegari aka kira mu duka cikin gida, don Sallah ta matso kuma Alhaji ya sa an yi wa falo sabon silin, fari tas mai zanen fure, ana so a goge ko'ina kafin baƙi. Ina durƙushe ina kankare ƙafar kujera sai aka ɗauke wuta. Iyakwandishan ya yi shiru. A cikin shirun nan na ji shi, daga sama, daidai kan fitilar tsakiya. Wani siririn kuka, ba murya ɗaya ba. Ashe ta bi reshen mangwaron nan ne ta samu kafa a ƙarƙashin kwano, ta shige inda ya fi ko'ina bushewa a gidan.

"Hajiya! Ga su nan! Kin ji su?"

Ta ɗaga kai. Na ga fuskarta ta canja, na rantse ta ji. Amma ta ce, "Jemagu ne."

"Wallahi ba jemagu ba ne. A ɗaga allo ɗaya kawai, ni zan raine su da tsumma da madara."

"Ke kin san daga inda aka kawo silin nan? Alhaji yana Ikko. Ba zan sa a ɓalle masa falo ba da izininsa ba. Ya dawo tukuna."

"Yaushe zai dawo, ranki ya daɗe?"

"Kafin Sallah."

Abin da ta iya yi shi ne ta tura Malam Isa ya koma ya nemo uwar. Ya je ya dawo kafin shayi ya huce, ya ce bai gan ta ba. Takalminsa ko taɓo babu. Sannan ta ce a tayar da janareta, zafi ya dame ta. Zafi, a tsakiyar marka.

Ni na tafi da ƙafata. Na bi Gama lungu-lungu da azumi a bakina, ina leƙa kwata, ina leƙa bola, ina kiran mage kamar mahaukaciya. Wata tsohuwa mai sayar da kuka ta tambaye ni ko yaro ne ya ɓata, na ce mata eh, don ban san yadda zan yi bayani ba. Maguna na gani da yawa, ramammu, jiƙaƙƙu, ba mai yagaggen kunne. Na dawo aka yi mini faɗa kunu ya makara.

Malam ya so ya wanke kansa. Ya aro tsani wajen mai gadin maƙwabta, ya hau ta bayan gida ruwa na dukansa, ya samu kafar. Hannunsa ya shiga, amma bai taɓo komai ba. Muka ɗaura tsumma a kan kara, muka tsoma a madara muka zura. Karan bai kai ko'ina ba, falon yana can tsakiya. Ya sauko yana rawar sanyi ya ce, "Ina jin su." Na juya na koma bakin murhu.

Daga nan kullum in na samu sarari sai in je in tsaya jikin bangon falo ta waje, in kasa kunne. In janareta na aiki ba a jin komai. In ya tsaya, suna nan. Da farko kukan da ƙarfi, kamar masu kira. Sannan ya koma sama-sama. Sannan murya ɗaya ta rage, ita ma sai ta yi ta huta. A ƙasansu kuwa ana shan ruwa da farfesun kaza, ana kwasar ragowa ana kai wa durom. Ni ma ina ci, don mai azumi dole ya ci, amma abincin ɗaci yake mini. Kullum da yamma in ɗauki bokitin kunun sadaka in kai ƙofa, mutane na karɓa suna sa wa gidan albarka, ni kuma ina cewa amin.

Ranar da muryar ƙarshe ta ɗauke, ruwa ma ya ɗauke. Rana ta fito ƙwal, irin ranar marka mai cizo, ta kwanta a kan kwano ta gasa shi. Muka baza tabarmi da zannuwa, kowa na murna. Ba a jima ba falon Hajiya ya fara wari. Da farko aka ce kafet ne ya sha raɓa, aka fitar da shi aka shanya, aka mayar. Warin ya ƙaru, ƙudaje kore suka fara taruwa a jikin fitila. Da safe Hajiya ta shigo, ta ja da baya, ta ƙwala wa direba kira.

"Isa! Maza ɗauko kafinta. Yanzu-yanzu. Baƙi za su zo mini Sallah a haka?"

Alhaji yana Ikko har lokacin. Ba wanda ya ambaci izininsa.

Kafinta ya zo, ya taka tebur, ya ɗaga allo ɗaya, ya miƙa hannu. Ko fenti bai kankare ba. Malam ne ya tara kwalin madara aka zuba su. Ya zo zai wuce ni yana karewa da jikinsa, na riƙe kwalin na duba. A cure suke wuri guda, kowa ya cusa kai ƙarƙashin ɗan'uwansa, idanunsu ko buɗewa ba su yi ba. Ɗaya toka-toka ne. Malam ya kai su gindin dalbejiya ya haƙa rami.

Ina tsaye ina kallon yana mayar da ƙasa aka ce Hajiya na kira. Na same ta a bakin falo, an zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta mai tsada. Idonta ya yi ja, ban sani ba ko hayaƙi ne.

"Allah ya gani," ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "ba mu kashe ta ba, ba mu doke ta ba."

Ta miƙo mini kaskon. Na karɓa, na taka kafet ɗin da ƙafafuna, na zagaya falon kusurwa-kusurwa, na tsaya a ƙarƙashin fitilar na ɗaga shi sama har hannuwana suka gaji.

"Tabawa," ta ce. Ranar ta fara kiran sunana. "Kina jin sauran wari?"

Na ce, "A'a, Hajiya. Ya tafi."